Ƙi Sabo: Damisa da Dajin Ƙasar Gwandu

A ɗakin kakata, a Kalgo, akwai wani buzu da ba a zama a kansa, ba a kuma yin salla a kai. Yana naɗe a ƙarƙashin gadon ƙarfe, bayan jeren kwanonin samira, kuma sau ɗaya a shekara, idan hunturu ya kama, takan fito da shi ta kakkaɓe ta shanya a inuwa. Ranar da na fara ganinsa, ina ɗan shekara bakwai ko takwas, na ɗauka atamfa ce, domin ban zaci akwai halittar da ke yawo a doron ƙasa da irin wannan ado ba: launin ƙasar tudu, an bi shi da baƙaƙen ɗigogi gungu-gungu, kamar an tsoma yatsu biyar a tawada an dangwala. Na kai hannu zan shafa, sai ta riƙe ni.

"Maigida, bi sannu," in ji ta, da yake haka take tsokanata. "Damisa ta. Ko ta mutu ba a yi mata wargi."

Mahaifinta maharbi ne. A zamanin Sarkin Gwandu Yahaya, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954, wata damisa ta addabi wani ƙauye na bakin fadama da ɗaukar awaki, aka aiko masa. Ya kwana uku a kan tsamiya kafin ya same ta da kibiya mai dafin kwankwani. Da gari ya waye aka bi jini har cikin kurmi, aka iske ta a mace, aka kuma iske 'ya'yanta biyu a ƙarƙashin saiwar wata kanya, idanunsu ko gama buɗewa ba su yi ba. Ɗaya bai kwana biyu ba ya mutu. Ɗayan kuwa aka kawo shi gida cikin burgami, aka damƙa wa kakata, tana yarinya, ta riƙa jiƙa tsumma da nonon akuya tana ba shi yana tsotsa.

Ya yi wata bakwai a gidan. Da ya fara kama kaji aka yi haƙuri. Da ya yagi ƙafar wani yaro, mai unguwa ya ce a san yadda za a yi. Maharbin bai yarda ya kashe abin da aka raina a gidansa ba. Ya sa shi a kwando, ya kai shi kurmin da aka samo shi, ya sake. Bayan kwana uku aka tashi da asuba aka gan shi kwance a gindin danga, ya rame, yana kuka kamar kyanwa. Aka sake ɗaukarsa, wannan karon aka ƙetare gulbi da shi. Mako bai zagayo ba labari ya zo cewa wasu makiyaya sun kashe ɗan damisa da sanda, domin da rana tsaka ya shigo musu ruga yana bin mata, ba ya gudun kowa.

"Kirarinta ƙi sabo," in ji kakata, "amma wanga ya saba. Mu munka sa shi ya saba."

Wannan labari ne ya dawo mini a 'yan shekarun nan, da na riƙa cin karo da rahotannin ƙasashen da ake ƙwato damisa daga hannun masu fataucinta, ko a fito da ita daga rijiya ko tarko, a yi mata jinya, sannan a buɗe keji a bakin daji a sake ta. Abin yana da daɗin kallo. Amma kullum na gani sai in tambayi kaina: da a ce gobe jami'an kwastan za su kama ɗan damisa a bayan mota a iyakar Kamba, a ce a mayar da shi mazauninsa na asali a ƙasar Gwandu, ina za a nufa da shi? Neman amsar ne ya tura ni ga tarihin dajin da kansa, kuma abin da na tarar bai yi mini daɗi ba.

Mukan ɗauka daji abu ne da Allah ya shimfiɗa tun fil'azal, mutane suka zo suna ci daga gefe har ya ƙare. A ƙasarmu ba haka kawai abin ya tafi ba. Dajin yana faɗaɗa yana tsukewa, kuma abin da ya fi faɗaɗa shi a ƙarni na goma sha tara shi ne yaƙi. Bayan an ci Birnin Kebbi a 1805, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka zauna a Gwandu, daga baya kuma yammacin daular ya koma hannun ƙanensa Malam Abdullahi. Kabawa ba su taɓa haƙura ba. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a Argungu, Zabarmawa da Dandawa da Arawa suka mara masa baya, aka shiga gaba wadda, ban da 'yan shekarun Lafiyar Toga, ba ta lafa ba sai da Turawa suka zo. Sarkin Gwandu Haliru ma a wannan yaƙi ya rasu, a 1860, a wajajen Tilli. Mutane suka tattaru a garuruwa masu ganuwa, noma ya tsaya inda mai gona zai iya rugawa ya shiga ƙofa kafin mahaya su cim masa. Duk abin da ke tsakanin wannan ganuwa da waccan ya zama na gada da mariya da gyado da bika, da kuma wadda ke cin su.

Muna da shaidar wanda ya ratsa wurin da ƙafarsa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya sauka a Gwandu a watan Mayu na 1853, zamanin Sarki Halilu. Bai sami ganin Sarkin ba, amma ya sami abin da ya fi masa: kwafin Tarikhus Sudan, wanda ya zauna yana kwafar abin da ya iya daga ciki. Ya yaba albasar garin da ayabarsa. Da ya tashi ya bi ta Birnin Kebbi, ya biyo ta Diggi, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Kalgo, ya ƙetare fadama zuwa Zogirma, kuma daga nan sai da aka haɗa shi da 'yan rakiya masu makamai kafin ya shiga jejin da ke tsakaninsa da kwarin gishiri na Foga. Kafin wannan, a hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya ratsa dajin Gundumi a tafiyar da ta ɗauki fiye da yini da kwana ba a sauke kaya ba, saboda tsoron Gobirawa. Duk inda matafiyin ya ambaci tsoro, a nan itatuwa suka yi kauri. Mazaunin damisa na asali da muke magana, babban rabonsa, filin da kakanninmu suka kasa nomawa ne don gudun mashi.

A nan ne nake ganin ya kamata ɗalibin tarihi ya dakata a kan wani ɗan littafi na Malam Abdullahi, wanda ba a cika ambatonsa ba idan ana lissafa manyan ayyukansa irin su Liya'ut Tawili da Liya'ul Hukkami. Sunansa Ta'alimur Radi, kuma batunsa hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. A fiƙihun Malikiyya irin wannan ƙasa sunanta matacciya, kuma ana raya ta ne da haƙa rijiya, ko gini, ko dasa itace, ko sassabe da noma. Ranar da na fahimci wannan sai da na ajiye littafin na yi shiru, domin kurmin da aka haifi ɗan damisar kakata, da duk abin da ke numfashi a cikinsa, a ma'aunin shari'ar ƙasa matacce ne, ranar da aka sa masa gatari kuwa ita ce ranar da ya rayu. Ba na faɗin haka don in ga baiken malamin. A zamaninsa mutane ne kaɗan, jeji ya yi yawa, kuma shugaban da ke son jama'arsa ta ci ta ƙoshi dole ya ƙarfafa mai gatari. Har yau ma idan muna yabon gwamna cewa muke yi ya raya karkara.

Sai dai wannan babi na fiƙihu bai tsaya ga sassabe ba. A cikinsa akwai hurumin gari, wato filin itacen wuta da kiwo da jama'a ke zuwa su dawo a yini guda, wanda ba wanda ya isa ya killace shi ya ce nasa ne. Akwai kuma ikon da aka ba shugaba ya keɓe wani yanki ya hana a taɓa shi saboda maslahar jama'a. Gaskiya ne an yi wannan tanadi ne don dawakin yaƙi da dabbobin zakka, babu wanda ya yi shi don namun dawa. Amma asalin ra'ayin, cewa akwai ƙasar da amfaninta shi ne a bar ta yadda take, yana nan a rubuce a Gwandu tun kafin a haifi wanda ya kawo mana dokar gandun daji.

Turawa sun karɓi Gwandu a 1903 ba tare da an gwabza ba. Abin da ya biyo baya, ta fuskar damisa, ya fi kowane yaƙi muni, domin zaman lafiya ne. Ganuwa ta daina amfani, mutane suka fita suka kafa tunga da ƙauyuka a inda iyayensu ba su isa su kwana ba. Haraji na kuɗi ya sa kowa faɗaɗa gona. An yi dokar kare namun daji a 1916, Jihar Arewa ta yi tata a 1963, En'e ta yanka gandun daji ta sa malaman daji suna kama masu sara, aka kuma yi dokar makiyaya a 1965. Duk da haka gatari ya fi takarda sauri. Bindiga ta yawaita ta maye gurbin baka, aka fara cinye abincin damisa tun kafin a kai ga ita kanta. Da gada da mariya suka yi wuya sai ta koma ga awaki, da ta koma ga awaki sai aka aika wa maharbi. Abin da ya faru ke nan a ƙauyen da aka kira kakan mahaifina, ko da yake a lokacin ba wanda ya kalle shi haka.

Sannan kasuwa ta buɗe baki. Fatar damisa daɗaɗɗen kayan ado ce a wurin sarakuna da 'yan tauri da masu magani, amma wannan buƙata ba ta taka kara ta karya ba idan aka gwada da abin da ya zo daga ƙetare. Bayan matar shugaban Amurka, Jacqueline Kennedy, ta fito da rigar fatar damisa a 1962, matan Turai da Amurka suka yi caa a kanta. A 1968 kaɗai fatu sama da 9,000 aka shigar Amurka. Sai a 1975 yarjejeniyar CITES ta fara aiki ta hana wannan ciniki tsakanin ƙasashe, Nijeriya kuma ta kafa tata dokar a 1985. Kafin nan farin 1973 da na 1984 sun riga sun tura makiyaya da manoma cikin sauran kurmin da ya rage a bakin ruwa. Abin da fari ya bari, injin ban ruwa ya ƙarasa: tun da aka ƙaddamar da shirin rancen noman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, wanda ya tsaya a bakin fadamar Kalgo da rani zai ga kore har iyakar ganinsa, ya ji injuna suna amsa wa juna. Ni ma daga wannan shinkafa aka biya mini kuɗin makaranta, don haka ba ni da bakin zaginta.

Wani abin lura, ko da yake ratse ne: ga yawancin 'yan Arewa masu karatun tarihi, kalmar damisa ba dabba take fara kawowa a rai ba. Sunan da Manjo Nzeogwu ya ba atisayen dare da ya fake da shi a Kaduna ne, wanda ya ƙare da kisan Sardauna a ranar 15 ga Janairu, 1966. Sunan ya zauna daram a littattafanmu a daidai shekarun da mai sunan take ficewa daga ƙasar. Haka ma sunan garinmu, na itace ne. Amma manomi ya san kalgo da sabara su ne ke tsirowa a saura, bayan an kwantar da kirya da maɗaci da kanya.

Lissafin masana ya zo daidai da abin da tsofaffi ke faɗa. Wani babban nazari da aka buga a 2016 ya nuna damisa ta rasa tsakanin kashi 86 da 95 cikin ɗari na wuraren da take zaune a Afirka ta Yamma. A watan Oktoba na 2025 ƙungiyar IUCN, mai kula da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sanya damisar wannan yanki cikin masu fuskantar ƙarewa, bisa ƙiyasin cewa manyan da suka rage ba su wuce kimanin 350 ba, daga Senegal har Nijeriya. Ƙauye ɗaya na ƙasar Gwandu ya fi su yawa.

To, a koma ga kejin da ake buɗewa a bakin daji. Ɗan damisa yakan zauna da uwarsa shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, a nan yake koyon sanɗa, da inda ake kama wuya, da hawa itace da nama, da kuma abin da ya fi duka, gudun mutum. Wanda aka raina da tsumma da nonon akuya bai sami ko ɗaya ba. Babbar da aka kama a daji kuma tata matsalar daban ce: tana da yankinta da ta sani, idan aka kai ta wani wuri sai ta kama hanyar gida, ko ta tarar da mai wurin ya kore ta zuwa gefen ƙauyuka. A yankin Junnar na ƙasar Indiya an gwada kwashe damisoshi daga gonaki ana sakinsu a dazuzzuka a 2001 da 2002; hare-hare a kan mutane, da suke kimanin huɗu a shekara, suka haura zuwa goma sha bakwai. Niyya kyakkyawa ce, irin ta maharbin gidanmu, sakamakon ma ya yi kama da nasa.

Inda abin ya yi kyau, an fara ne daga ƙasa, dabbar ta zo daga ƙarshe. Gandun Majete na ƙasar Malawi ya kusa zama kango kafin ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da shi a 2003. Aka kewaye shi da shinge, aka ɗauki masu gadi daga ƙauyukan gefe, aka dawo da dubban dabbobi masu cin ciyawa, sai bayan shekara takwas, a 2011, aka kawo damisoshin farko daga Afirka ta Kudu. Faɗin Majete kimanin murabba'in kilomita 700 ne, wato fiye da rabin ƙaramar hukumar Kalgo baki ɗaya, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 85,000, Gwandu kuwa sama da 150,000. Duk mai cewa a dawo da damisa tsakanin garuruwan nan biyu, sai ya fara faɗa mana gonar wa za a tasa.

Ba sai mun je Malawi ba kafin mu ga abin koyi. A maƙwabtanmu Nijar, a yankin Kure da ke kan hanyar Dosso zuwa Yamai, raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har suka koma 49 a 1996. Gwamnati ta hana kashe su, manoman Zabarmawa suka haƙura da ɓarnar wake, aka riƙa saka musu da rijiyoyi da rance da aikin ja-gorar baƙi, har dabbobin suka haura 600. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauki takwas a mota, tafiyar kilomita 800, aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara hamsin ba a ga irinsu ba. A wannan shekarar ce kuma giwaye suka ɓullo a Zariya Kala-Kala, a ƙaramar hukumar Koko-Besse ta jiharmu. Gwamnatin Atiku Bagudu ta hana a taɓa su, ta yi wa manoma alkawarin diyya, mutane kuma suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Wannan ya nuna mini zuciyar jama'armu ba ta bushe ba. Sai dai raƙumin dawa ganyen gawo yake ci, giwa kuma baƙuwa ce mai wucewa. Haƙuri da mai cin wake daban, haƙuri da mai ɗaukar akuyar da aka ajiye don sunan jariri daban.

Saura wurare biyu da ɗan damisar Kamba zai iya dosa ba tare da an yi masa nisa da ƙasar kakanninsa ba. Akwai gandun Tafkin Kainji a kudu da mu, wanda aka kafa a 1979 daga dazuzzukan Borgu da Zugurma, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 5,000. Akwai kuma gandun W da ke haɗe da Arli da Panjari, a kan iyakokin Nijar da Benin da Burkina Faso, inda har yanzu damisa ke haihuwa. Dukansu biyu a yau masu ɗauke da makamai sun yi sansani a cikinsu, ma'aikatan daji ba sa iya shiga sassa da yawa. Ko a Kure, a watan Agusta na 2020, 'yan bindiga sun kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu da suka je kallon raƙuman dawa. A cikin jiharmu kuma, tun harin da Lakurawa suka kai Mera a ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba na 2024, akwai gonakin da masu su ke shakkar zuwa. Tsoro ya sake fara yi mana daji kamar zamanin Barth, sai dai wannan karon mazaunansa suna da babura da bindigogi masu sarrafa kansu, kuma nama suke ci. Ba na fatan damisa ta dawo ta wannan ƙofa, kuma ba za ta dawo ba.

Abin da nake ganin yana hannunmu ƙarami ne, ba shi da armashin buɗe keji a gaban kyamara. Sauran gandun daji da burtali da hurumin da ke kan takarda a masarautar Gwandu a bi su a tabbatar da iyakarsu, tun ana samun dattawan da suka san inda tubalin yake. Kurmin bakin gulbi da ya tsira a bar wa gada da zabi da biri. Maharban da suka rage, waɗanda yawancinsu yanzu aikin sa-kai na tsaro suke yi, a zauna da su a rubuta abin da suka sani na sawu da mashaya da makwanci. Wanda kuma ya ga ana tallar fata mai ɗigo a kasuwa ya sani cewa, in dai ta yankin nan ce, daga cikin ɗari uku da hamsin ɗin nan aka zare ta.

Kakata ta rasu shekara shida da suka wuce. Kafin rasuwarta wani dillali ya yi ta zarya yana son buzun, har ya kai tayinsa kuɗin ɗan maraƙi, ta ce masa ba ta sayar da uwar wanda ta goya. Da aka zo rabon gado ba wanda ya nemi abin, sai aka miƙo mini. Gashin ya fara zuba daga wajen wuya, inda kibiyar ta shiga, kuma ɗigogin gefen ciki sun dushe. Bana da hunturu na fito da shi na shanya a inuwar darbejiya, ƙaramar 'yata ta tsuguna tana ƙirga ɗigogin da yatsa, ta kai arba'in ta rikice ta sake farawa. Da ta gaji ta ɗago kai ta ce, "Baba, a wace kasuwa ake sayar da irin wannan bargon?"